Matuƙin jirgin yaƙi da ya faɗo hannun waɗanda ya yi wa ruwan bama-bamai: fashin baƙi kan John McCain da haƙƙin fursunan yaƙi

Idan mutum ya taso daga ƙasarsu da jirgin yaƙi, ya sako wa garinku bam, sai Allah ya sa aka kakkaɓo jirgin ya faɗo da ransa a tsakiyar unguwa, me ya dace a yi masa? A tsare shi ana ba shi abinci da magani har yaƙi ya ƙare? A kai shi gaban alƙali? Ko a bar jama'a su huce haushinsu a kansa? Duk lokacin da hoton wani matuƙi da aka kama ya zagaya a Facebook da WhatsApp, kamar yadda aka riƙa gani a farkon yaƙin Rasha da Yukren a 2022, wannan gardamar ce ke tashi. Wasu su ce rama cuta ga macuci ibada ne, wasu su ce ai akwai doka, kuma sau da yawa duka ɓangarorin biyu ba su san abin da dokar ta ƙunsa ba.

Akwai wata gardamar da ke manne da wannan. A watan Yulin 2015, lokacin yana neman takarar shugabancin Amurka, Donald Trump ya tsaya gaban taro a jihar Iowa ya ce Sanata John McCain ba gwarzon yaƙi ba ne, don an kama shi ne kawai ake kiransa gwarzo, shi kuwa ya fi son waɗanda ba a kama ba. Maganar ta tayar da ƙura, musamman da yake shi Trump bai je yaƙin Biyetnam ba, sau biyar ana ɗage masa shiga soja, huɗu don karatu, ɗaya don ciwon diddige.

Abin da ke rikita mutane shi ne ana cuɗa tambayoyi uku wuri guda. Shin yaƙin da mutumin ya shiga na gaskiya ne? Shin shi kansa ya nuna jarumta? Me ya wajaba a kan waɗanda suka kama shi? Kowace tana da amsarta, kuma amsar ɗaya ba ta soke ta ɗaya. Rayuwar McCain, wanda da yawa daga cikinmu ba mu san shi ba sai a matsayin dattijon da Barack Obama ya kayar a zaɓen 2008, ta ishe mu misali.

Ɗan gidan sojan ruwa

An haifi John Sidney McCain a ranar 29 ga Agustan 1936 a wani sansanin sojan ruwan Amurka da ke yankin mashigin Panama. Aikin gado ne: kakansa da mahaifinsa duk sun kai muƙamin Admiral mai tauraro huɗu. Shi dai jikan bai fara da alamar zai gaje su ba. A makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis ya yi suna wajen taurin kai da karya doka, kuma da aka yaye su a 1958 shi ne na 894 cikin 899. Ya koyi tuƙin jirgi, ya yi haɗari fiye da sau ɗaya kafin ma ya ga filin daga.

A 1967 aka tura shi tekun Tonkin, a gaɓar Biyetnam, a kan Forrestal, irin ƙaton jirgin ruwan nan da jiragen sama ke tashi daga bayansa. Jirgin da yake tuƙawa A-4 Skyhawk ne, ƙarami mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda aikinsa kai bam. A ranar 29 ga Yuli wata roka ta kuɓuce bisa kuskure daga wani jirgi ta afka cikin jerin jiragen da ke shirin tashi, inda McCain yake zaune cikin nasa. Mai ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta fashewa, mutum 134 suka mutu. Ya tsira da raunuka. Maimakon ya koma gida, sai ya nemi a mayar da shi wani jirgin ruwan, Oriskany, wanda ya rasa matuƙa da yawa.

Ranar 26 ga Oktoban 1967

A lokacin Biyetnam a rabe take gida biyu, Arewa ta 'yan kwaminis da Kudu mai ƙawance da Amurka. Tun Maris ɗin 1965 Amurka ke luguden wuta a kan Biyetnam ta Arewa, a wani shiri da ta kira Rolling Thunder, don ta tilasta wa gwamnatin Ho Chi Minh ta daina taimakon mayaƙan kwaminis da ke Kudu. A ranar 26 ga Oktoba McCain ya fita hari na 23. Abin da aka ce su rusa tashar lantarki ce da ke cikin Hanoi, babban birnin Arewa, kewaye da gidajen mutane. Yana sakin bama-bamansa sai makami mai linzami ƙirar Tarayyar Sobiyat ya fizge fiffiken jirgin na dama.

Matuƙin irin wannan jirgi yana zaune ne a kan kujerar da ke cilla shi waje idan ya ja wani hannu, sannan laima ta buɗe ya sauko. Ƙarfin cillawar ya karya masa hannaye biyu da ƙafar dama. Ya faɗa tafkin Truc Bach, kayan jikinsa suka ja shi ƙasa, da haƙori ya ja igiyar da ke hura rigar ceto. Mutanen gari ne suka shiga ruwa suka jawo shi gaɓa, kuma a gaɓar ne wasu suka rufe shi da duka. An farfasa masa kafaɗa da gindin bindiga, an soke shi da wuƙar bakin bindiga.

Cikin 'yan mintuna, a bakin tafki ɗaya, an sami masu ceto da masu duka, kuma dukansu mutanen da ake yi wa ruwan wuta ne. Wanda ya taɓa ganin an kama ɓarawo a kasuwa ya san yadda abin ke kasancewa: wani na neman taya da fetur, wani na roƙon a kira 'yan sanda.

Daga nan aka kai shi kurkukun Hoa Lo. Turawan Faransa ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19 don tsare 'yan gwagwarmayar Biyetnam, kuma ma'anar sunan ta yi kusa da murhu mai ci. Fursunonin Amurka suka yi masa laƙabi da Hanoi Hilton, don ba'a. Kwanaki aka bar shi babu magani ana yi masa tambayoyi, sai da aka gano ɗan wane ne sannan aka kai shi asibiti.

Wane ne fursunan yaƙi a doka?

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1949, ƙasashe suka zauna a Geneva suka rubuta yarjejeniyoyi huɗu. Ta uku ita ce ta fursunonin yaƙi, kuma a yau babu ƙasar da ba ta amince da su ba, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru.

Ginshiƙin yarjejeniyar abu ɗaya ne wanda mutane suka fi kasa haɗiyewa. Sojan ƙasa da ke sanye da kaki, yana yaƙi bisa umarni, ba a ɗaukarsa mai laifi don kawai ya yi yaƙi, ko da ya kashe sojojin abokan gaba. Tsare shi da ake yi ba hukunci ba ne, hana shi komawa fagen fama ne. Shi ya sa sashe na 118 ya ce da zarar an daina faɗa a sake shi ba tare da jinkiri ba. Sashe na 17 ya ce abin da ya wajaba ya faɗa huɗu ne kacal: sunansa, muƙaminsa, ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja, kuma haramun ne a azabtar da shi don a tatsi wani bayani. Sashe na 13 ya hana cin zarafinsa da ramuwar gayya a kansa, har ma da baje shi a gaban jama'a don kallo. Sashe na 126 ya ba wakilan ƙungiyar Red Cross ta duniya damar ziyartarsa.

Wannan bai sa shi sama da doka ba. Idan ya auna fararen hula da gangan, ko ya kashe wanda ya miƙa wuya, ana iya gurfanar da shi kan laifin yaƙi. Sharaɗin shi ne a yi shari'a ta gaskiya, da lauya, a irin kotun da za a kai sojan ƙasar da ta kama shi. Sashe na 85 ya ƙara da cewa ko an same shi da laifi, kariyar yarjejeniyar tana nan a kansa.

Game da matuƙa kuwa, a 1977 aka ƙara wata ƙa'ida: wanda ya diro da laima daga jirgin da ya lalace ba a harbinsa yana sama, idan ya taɓa ƙasa kuma a ba shi damar miƙa wuya. Wannan bai shafi sojojin laima da aka sako don su kai hari ba.

Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda aka kama, Suratu Muhammad ta ambaci sakin kamammu kyauta ko da fansa, kuma littattafan sira sun kawo yadda wasu kamammun Badar suka fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu.

Hujjar Hanoi

Biyetnam ta Arewa ta shiga yarjejeniyar Geneva tun 1957. To me ya sa ba ta yi aiki da ita a kan matuƙan Amurka ba? Hujja biyu ta kawo. Ta farko, Amurka ba ta taɓa shelanta yaƙi a kanta ba, don haka masu zuwa su jefa bam 'yan fashin sama ne. Ta biyu, lokacin da ta shiga yarjejeniyar ta yi togaciya a kan sashe na 85, kamar yadda Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta suka yi, cewa wanda aka kama da laifin yaƙi ba ya cikin masu kariya.

Hujja ta farko ba ta da ƙafa, domin sashe na 2 ya fito fili ya ce yarjejeniyar na aiki a duk faɗan makami tsakanin ƙasashe, an shelanta ko ba a shelanta ba. Ta biyun ta fi ƙarfi a takarda, amma ita ma tana buƙatar a yi shari'a tukuna, kuma ba a taɓa yi wa ko matuƙi ɗaya ba. A Yulin 1966 an zaga da fursunoni kusan hamsin a titunan Hanoi, a ɗaure bibbiyu, jama'a na jifa da duka, aka kuma yi barazanar gurfanar da su. Da duniya ta yi ca, har da masu adawa da yaƙin a cikin Amurka, sai aka janye maganar. Red Cross ba ta taɓa samun izinin shiga ta gan su ba har yaƙin ya ƙare.

Tayin saki, da takardar amsa laifi

Nan ne labarin ya fi nauyi, kuma nan ne amsar Trump take. McCain ya yi kusan mako shida a asibiti, inda aka kawo wani ɗan jaridar Faransa ya ɗauke shi a fim yana kwance cikin filasta. Ya rame ƙwarai, gashinsa ya yi fari yana ɗan shekara 31. A Disamba aka jefa shi ɗaki ɗaya da wasu hafsoshin sama biyu, Bud Day da Norris Overly, waɗanda suka yi jinyarsa suna zaton ba zai kai mako ba. Daga Maris ɗin 1968 aka ware shi shi kaɗai, ya yi shekara biyu a haka. Fursunonin suna magana da juna ta hanyar ƙwanƙwasa bango: sun jera haruffa 25 a layi biyar biyar, bugun farko ya nuna layi, na biyu ya nuna gurbin harafin. Ta haka suke isar da umarnin manyansu, da sunayen sababbin da aka kawo, da labarin wanda aka doka jiya.

A tsakiyar 1968 aka naɗa mahaifinsa kwamandan dukan rundunonin Amurka na yankin Fasifik, wato shi ke kula da yaƙin Biyetnam ɗin kansa. Sai masu tsaron suka kira ɗan suka ce za su sake shi ya tafi gida. Lissafinsu a fili yake: su nuna wa duniya jinƙai, su kuma nuna wa sauran fursunonin cewa ɗan babba ya tafi ya bar 'ya'yan talakawa.

Sojan Amurka yana da wata ƙa'idar ɗa'a da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1955, bayan abin da aka gani a yaƙin Koriya, wadda ta hana fursuna karɓar wata alfarma ta musamman daga abokan gaba. Fursunonin Hanoi sun fassara ta da cewa wanda aka fara kamawa shi zai fara fita. Akwai irin su Everett Alvarez da ke tsare tun Agustan 1964. McCain, da karyayyun hannaye da atini, ya ce ba zai tsallake layi ba.

A watan Agusta suka huce a kansa. An ɗaure shi da igiya ana jan hannayensa ta baya, ana dukansa bayan kowane 'yan sa'o'i, an sake karya masa hannu, an fasa masa haƙarƙari. Ya yi yunƙurin rataye kansa, masu gadi suka hana. Bayan kwana huɗu ya sa hannu a takardar da ke cewa shi mai laifi ne, ɗan fashin sama. Shi da kansa ya ba da wannan labari bayan ya dawo, ya ce kowane mutum yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, shi kuma ranar ya kai tasa, kuma kunyar abin ba ta bar shi ba.

Masu sukarsa sukan ɗauko wannan takarda su ce ga shi ya sallama. A ganina ba su san azaba ba. Kusan duk wanda aka yi wa irin wannan ɗaurin a Hanoi ya faɗi wani abu. Abin dubawa shi ne me aka samu. Da aka matsa masa ya faɗi sunayen abokan aikinsa, sunayen 'yan wasan wata ƙungiyar ƙwallon Amurka ya lissafa. Wani fursunan, Jeremiah Denton, da aka sa shi gaban kyamara a 1966, bakinsa na amsa tambaya, idanunsa na ƙifta kalmar azabtarwa da alamomin Morse, wato tsarin isar da haruffa da gajerun alamomi da dogaye. Ita kanta rundunar Amurka ta gane cewa ƙa'idarta ta yi tsauri fiye da ƙarfin ɗan Adam, shi ya sa a 1977 aka sassauta lafazinta.

Saboda haka kama shi da aka yi ba jarumta ba ce, ƙaddara ce da makami mai linzami. Abin da ake yaba masa shi ne an buɗe masa ƙofa ya ƙi fita, kuma ƙin fitar ya ja masa ƙarin shekara huɗu da watanni. Hukumomin Biyetnam dai har yau suna musanta azabtarwar, har wani tsohon shugaban gidan yarin ya shaida wa 'yan jarida a 2008 cewa ba a taɓa dukan McCain ba. Sai dai ɗaruruwan fursunoni sun dawo da labari iri ɗaya da tabo iri ɗaya. Abin ya lafa daga ƙarshen 1969, bayan rasuwar Ho Chi Minh da kuma matsin lambar da iyalan fursunonin suka tayar. An sake shi a ranar 14 ga Maris ɗin 1973, bayan yarjejeniyar Paris da ta fitar da Amurka daga yaƙin, cikin Amurkawa 591 da aka mayar.

Su kuma waɗanda ke ƙasa fa?

Duk wanda ya ba da labarin nan ya tsaya a ɗakin McCain bai yi adalci ba. Mutumin Hanoi da ya ɗaga gindin bindiga a bakin tafki ba daga sama haushinsa ya faɗo ba. Shekara biyu da rabi ke nan ana jefa musu bam, yara an kwashe su zuwa ƙauyuka, an haƙa ramukan ɓuya a gefen tituna. A Disamban 1972, McCain yana cikin kurkuku, manyan jiragen B-52 suka yi kwana goma sha ɗaya suna luguden Hanoi da Haiphong. Asibitin Bach Mai ya rushe, unguwar Kham Thien ta zama kufai, kuma bisa ƙididdigar hukumomin Arewa fararen hula sama da 1,600 suka mutu. A Kudu kuma, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan ƙauyawa a My Lai a Maris ɗin 1968, mutum ɗaya tak aka samu da laifi, shi ma ɗaurin talala ya yi a gida na 'yan shekaru. A 1970 aka bankaɗo kejin da gwamnatin Kudu, ƙawar Amurka, ke cusa fursunoninta a tsibirin Con Son.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce doka ta fi iya kare matuƙin da ya faɗo fiye da mutanen da bam ɗinsa ya faɗa wa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dukan fursuna abu ne da ake gani, da mai duka da wanda aka doka. Bam kuwa sai an tabbatar da niyya: tashar lantarki na ba gidaje wuta, tana kuma ba masana'antar makamai, to wurin soja ce ko ta farar hula? An yi ƙoƙarin kauce wa gidajen da ke kewaye? Asarar rayuka ta wuce amfanin da aka nema? Duk takardun da za su amsa wannan suna hannun ƙasar da ta kai harin.

Yaƙin duniya na biyu ya nuna wannan gurguncin ƙarara. A Agustan 1944 mutanen garin Rüsselsheim na Jamus, washegarin daren da aka yi musu luguden wuta, suka kashe sojojin saman Amurka shida da ake wucewa da su. Bayan yaƙi an rataye biyar daga mutanen garin. Jafananci kuwa sun kashe uku daga cikin sojojin saman Amurka takwas da suka kama bayan harin Doolittle na 1942, harin sama da Amurka ta kai kan Tokyo, kuma an gurfanar da hafsoshin da suka yi hakan. Amma a kotun Nuremberg, inda ƙasashen da suka ci yaƙin suka gurfanar da shugabannin Jamus, ba a hukunta kowa kan ruwan bama-bamai a birane ba, domin masu shari'ar su ne suka ƙone Hamburg da Dresden da Tokyo.

Duk da haka, ban ga yadda karya hannun fursuna zai gyara wannan ba. Matuƙin ba shi ya zaɓi yaƙin ba, ba shi ya zaɓi wurin da za a kai wa hari ba. Waɗanda suka zaɓa suna Washington, kuma igiyar Hoa Lo ba ta kai can ba. Hasali ma ta ba su abin da suke nema: labarin fursunonin ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin gwamnatin shugaban Amurka Nixon na ci gaba da yaƙin.

Ina abin ya shafe mu?

Mun san ɓangarorin biyu. Mutanen Rann a Borno, da jirgin sojan sama ya jefa wa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, da na Tudun Biri a Kaduna, da jirgi marar matuƙi ya afka wa suna Mauludi a Disamban 2023, sun san abin da mutumin Kham Thien ya ji. Iyalan matuƙanmu su ma sun san ɗaya ɓangaren. A 2014 Boko Haram ta fitar da bidiyon kisan wanda ta ce matuƙin jirgin Alpha Jet ne da ya ɓace, a Yulin 2021 kuma 'yan bindiga suka harbo wani jirgin a yankin Zamfara, matuƙin ya diro da laima ya sha da ƙyar cikin dare.

Sai dai a kula, matsayin fursunan yaƙi na faɗa tsakanin ƙasa da ƙasa ne. A rikicin cikin gida, ɗan tawayen da aka kama ana iya gurfanar da shi don kawai ya ɗauki makami. Abin da ke aiki a nan shi ne sashe na 3, wanda ya zo iri ɗaya a duka yarjejeniyoyin huɗu: duk wanda ya ajiye makami, ko ya ji rauni, ko yake tsare, ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a yanke masa hukunci sai a kotu. Wannan ya hau kan soja, ya hau kan 'yan sa-kai, ya hau kan ƙungiyar da ke daji. Lokacin da ISIS ta ƙona matuƙin Jodan, Mu'az al-Kasasba, cikin keji ta saki bidiyon a Fabrairun 2015, malaman Azhar da na sauran ƙasashen Musulmi ba su ma buƙaci Geneva ba, hadisin da ya hana azaba da wuta ya ishe su.

Akwai kuma ɗan abin da ke hannun kowa. A 1966 sai an tara jama'a a titi kafin a baje fursuna. Yanzu waya ɗaya ta isa. A Maris ɗin 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta nemi Yukren ta daina wallafa bidiyon sojojin Rasha da ta kama, duk da cewa ita aka mamaye. Mai tura irin wannan bidiyo zuwa zauren WhatsApp na 'yan uwa yana ƙarasa aikin da wanda ya ɗauka ya fara ne, kuma wataƙila a can uwar yaron za ta fara gani.

Bayan dawowa

McCain ya bar aikin soja a 1981 da muƙamin Kyaftin, bai kai matsayin uba da kaka ba. Ya shiga Majalisar Wakilai daga jihar Arizona a zaɓen 1982, ya koma ta Dattawa a zaɓen 1986, ya zauna a can har mutuwarsa. Shi da Sanata John Kerry, wanda ya yi yaƙin ya dawo yana adawa da shi, suka share wa Shugaba Clinton hanya ya maido da hulɗar jakadanci da Biyetnam a 1995. A 2005, bayan abin kunyar gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi, inda sojojin Amurka suka ci zarafin fursunoni, ya kawo gyaran dokar da ta hana azabtar da duk wanda ke hannun Amurka, ya samu ƙuri'a 90 a kan 9 duk da adawar gwamnatin Bush ta jam'iyyarsa. Hujjarsa daga jikinsa ya ɗauko ta: wanda ake azabtarwa zai faɗi duk abin da zai sa a daina.

Amma kurkuku bai sa ya tsani bam ba. Ya goyi bayan mamaye Iraƙi a 2003, ya matsa a kai wa Libiya hari a 2011, wanda mutanen Sahel har yau suke kwasar ɓaraguzansa. A 2014, da aka sace 'yan matan Chibok, cewa ya yi da shi ne shugaba da ya tura sojojin Amurka ba tare da jiran izinin wani mai suna Goodluck Jonathan ba. Mutumin da ya san zafin igiya fiye da kowa a Majalisar, bai taɓa zama a ƙarƙashin bam yana jiran ya sauka a kan ɗakin 'ya'yansa ba.

Ya mutu a ranar 25 ga Agustan 2018 da ciwon dajin ƙwaƙwalwa, saura kwana huɗu ya cika 82. Yawancin Hoa Lo an rushe shi an yi dogayen benaye, ɗan abin da ya rage ya zama gidan tarihi, kuma kayan tuƙinsa na rataye a can cikin gilashi. A bakin tafkin Truc Bach akwai ɗan gunkin dutse da aka kafa don tunawa da harbo shi, wanda ya ziyarta da kansa fiye da sau ɗaya, kuma a makon da ya mutu Amurkawa da 'yan Biyetnam suka riƙa ajiye furanni a gindinsa. Gunkin na nuna matuƙi a durƙushe, hannaye biyu a sama. Shi kuwa mai gunkin, tun daga 1967 bai ƙara iya ɗaga hannunsa sama da kafaɗa ba, ko gashin kansa sai dai wani ya taje masa.